Yankari Ta Yi Wa Talaka Nisa

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan hanyar zuwa gandun daji na Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. Tun 1962 aka buɗe wannan wuri ga jama'a, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. Amma tambayata ita ce, talaka da me zai je?

Mai kuɗi dai ba ruwansa. Ya sauka a filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shatar mota, shi ke nan. Mu kuwa sai tasha. Ka shiga motar da ta nufi Gombe daga Bauchi, ka sauka a Dindima, inda hanya ta ratse zuwa Mainamaji, bakin ƙofar gandun. To a nan fa ake yin ta. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki da ruwan ɗumin nan suke, ya haura kilomita 40, kuma cikin daji ne mai giwa da ɓauna. Ba tafiyar ƙafa ba ce. Wanda bai zo da motarsa ba, ko dai ya yi shata tun daga Bauchi, ko ya zauna jiran wanda zai rage masa hanya. In ka isa ma, zagayen kallon namun daji da mota ake yi tare da ɗan rakiya, shi ma da kuɗinsa daban.

Ita kuwa shata, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 ta fi ƙarfin irinmu. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Direba zai lissafa zuwa da dawowa, fiye da kilomita 200, ya ɗora ladan jira. Ban ga laifinsa ba, ai motar ba ruwa take sha ba. Jirgin ƙasa da ya kamata ya rage mana zafi, layin Fatakwal zuwa Maiduguri da ya bi ta Bauchi, a 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaransa, mu dai a nan har yanzu dogon kawai muke kallo.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen ƙauyukan gefen dajin. Su ne giwa ke shiga gonakinsu ta tattake masara da dawa, amma baƙo yakan wuce su a guje cikin mota, gilashi a rufe, ko ƙuli-ƙulin naira 50 bai saya ba. Da a ce akwai bas mai tsayawa a Dindima da Mainamaji, ai da mai ƙosai da mai rake da mai zuma duk sun samu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha ta ware ko da bas ɗaya ce, ta riƙa tashi daga Bauchi zuwa Wikki ranar Asabar da Lahadi da kwanakin Sallah, a kan kuɗi tsayayye da kowa ya sani.

'Yan'uwana manoma da 'yan tireda kuma, kafin a yi haka, ku haɗa kai mutum goma ko sha huɗu ku yi karo-karo ku ɗauki bas guda, ku gama ciniki da direba tun a tasha. Ku bari sai rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, ga shi aikin gona ya yi sauƙi. Ku tashi da sassafe don kada dare ya same ku a hanya. Guzurinku kuma ku kulle shi cikin mota, don birran Wikki ba su jin kunyar kowa.

Daga wani manomi mai ɗan tireda,
Alkaleri, Jihar Bauchi.