Tsiren Obalende da Hanyar Jibiya

Ɗan ƙanena ya dawo daga Ikko a makon jiya, bayan kwana uku da ya yi da abokan aikinsa a tsibirin Ikoyi suna buga golf a filin kulob ɗin nan da aka kafa a 1938. Da ya zo gaishe ni a Gangara, ya durƙusa muka gama gaisuwa, sai ya bar zancen ramuka goma sha takwas ɗin da suka zaga, ya kama labarin abinci. "Baffa," in ji shi, "wallahi tsiren Obalende ya fi ƙarfin misali, baƙin da muke tare da su har kilishi suka saya na tsaraba, suna cewa sun ɗanɗani al'adar Ikko."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci. Domin duk wanda ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya, bakin iyakar Nijar, yana kallon manyan motoci suna shigowa daga wajen Ɗan Isa da Maraɗi, maƙare da shanu da raguna, ya san asalin naman da ake gasawa a bakin teku. Kuma mahaucin da ya tsire shi, ya barbaɗa masa ƙuli da yaji, in ka tambaye shi garinsu, galibi ɗayan garuruwanmu zai ambata. Ni ba na ƙyamar golf, don nishaɗi halal ne matuƙar bai shagaltar da mutum daga farilla ba. Mu Katsinawa ma ai Sarki Muhammadu Dikko ya kawo mana wasan holo, ɗansa Usman Nagogo ya gwanance a kai har sunansa ya ƙetare teku, amma su a kan dawakin ƙasarsu suka yi, a gaban talakawansu, mutanen nesa suka riƙa zuwa Katsina kallo.

Yau fa? An rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Fatake suka karye, dillalai suka zauna, 'yan bindiga kuma suka tare daji, alhali a tsibirin can wutar mai tsire ba ta mutu ko dare ɗaya ba. Wannan zalunci ne bayyananne, a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta.

Ina kira ga mahukunta da masu hali daga cikin 'ya'yanmu, waɗanda ke iya biyan kuɗin jirgi don wasan kwana uku: ku tsare hanyar Katsina zuwa Jibiya, ku raya kasuwar dabbobinta, sa'an nan ku gayyato abokan naku su zo su ci naman a inda ya fito.