Waiwaye: Wane ne Mutum a Bakin Dajin Rugu?

Dattawan Ruma da Runka suna tuna zamanin da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya kai dami, matan ruga su shigo gari da nono. Ana yin ɓarna, ana yin rigima, amma gaban mai unguwa ake kai ta, in ta gagara a wuce wurin hakimi, Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana. Wanda shanunsa suka ci gona ya biya. Ko a tsananin fushi, mai ƙara ya san da ɗan'uwansa mutum yake shari'a.

Bahaushe da hali yake auna mutum. A 1974 aka buga laccar da Anthony Kirk-Greene ya yi a Jami'ar Indiyana ta Amurka kan mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya da adalci. A wannan fahimta mutuntaka aba ce da ake samu a hankali cikin jama'a, ana kuma iya zubar da ita. Ifeanyi Menkiti, masanin falsafa ɗan Najeriya, ya kafa hujja a kan haka a 1984. Kwame Gyekye na Gana ya ja da shi: akwai darajar da ake haihuwar mutum da ita, ba jama'a suka ba shi ba, balle su ƙwace. Almajirin da ya kai Suratul Isra'i ya riga ya san wannan, don a can aka karanta masa cewa Allah ya karrama ɗan Adam, ba a ware na gari da na daji ba.

Muhawarar littafi ce, sai ga ta ta sauka a ƙasarmu da bindiga. A watan Mayun 2019 mutanen 'Yargamji suka ɗauko gawawwaki 18 har birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, da tsofaffi da ƙananan yara. Garkuwa da mutane ta zama sana'a: a kira waya a yi ciniki, kamar a kara ranar kasuwa, har a ƙara da babur da katin waya. Tun 1785 Immanuel Kant na Jamus ya rarrabe abin da ke da farashi da abin da ke da daraja, ya sa mutum a na biyu. Ɗan bindiga ya mai da shi na farko.

Sai mu kuma muka yi namu. Bakin mutane ya kama cewa "ai waɗannan ba mutane ba ne", kuma wanda ya binne 'ya'yansa ba a hana shi faɗa. Amma maganar ba ta tsaya kan masu laifi ba. Wasu 'yan sa-kai sun riƙa tare Fulani a hanya da kasuwa suna kashewa ba bincike ba alƙali, 'yan'uwan mamatan da dama kuma daji suka nufa. Ma'aunin hali, in aka sake shi ba tare da waccan karramawar ba, lasisin kisa yake zama.

A ganina, sulhu ma bai tsira daga wannan kuskure ba. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya gwada a 2016 da 2019, duka suka wargaje. A 2025 al'ummomin Batsari da Safana suka sake zama da mutanen daji, aka yi maganar sakin waɗanda aka kama da buɗe wa makiyaya kasuwa. Manomi ya samu ya koma gona, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai lallashi kaɗai, shi ma ɗaukar mutum ne tamkar annobar da ake kauce wa. Kura ba a kai ta gaban alƙali. Mutum ake tuhuma, a saurare shi, a hukunta shi ko a wanke shi. Ɗan bindigar da ya ƙone Tsauwa da ɗan sa-kan da ya kashe makiyayi a kasuwa duk shari'a tana binsu bashi, kuma a tarukan sulhun maganar diyya da kotu ita ce aka fi tsallakewa.