Ƙwayar Mastad A Ƙasar Gobir

Duk wanda ya san ƙasar Sabon Birni da Isa ya san cewa iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba gida ɗaya ne biyu. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Har gobe Gulbin Maraɗi yana ratsa ƙasar Tsibiri kafin ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima, kuma aure da ciniki da zumunta ba su taɓa tsayawa a bakin iyaka ba. Saboda haka wanda ke son ya fahimci yadda addinin Kirista ya tsiro a tsakanin Gobirawa, tilas ya dubi ɓangarorin biyu tare, domin labarin guda ne.

Kiristoci suna da wani misali da suke yawan kawowa daga Linjila, inda Yesu Almasihu ya kamanta Mulkin Allah da ƙwayar mastad, wadda take ƙanƙanuwa ƙwarai sa'ad da aka shuka ta, amma in ta girma har tsuntsaye sukan sami wurin sauka a rassanta. Masu wa'azi na zamani sukan karanta wannan misali kamar alkawarin cika majami'a da jama'a da gina dogayen benaye. Tarihin ƙasar Gobir bai goyi bayan wannan fassara ba. Abin da ya nuna shi ne bangaskiya takan yi saiwa a ƙasa shekaru masu yawa kafin a ga ganye, kuma girman da ake nufi yana cikin halin mutum kafin ya bayyana a lissafi.

Ƙungiyar Mishan ta SIM, wadda ita ce ta kai wannan addini Tsibiri, ta fara ne da abin da kowa zai kira asara. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa ya koma gida da ciwo a jikinsa. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha ta farko a Patigi, bakin Kwara, nesa ƙwarai da inda suka nufa tun asali. Shekara 9 ke nan ba tare da wani abin nunawa ba sai kaburbura biyu.

Ko bayan nan ma ƙofa ba ta buɗe ba. Gwamnatin Ingila ta yi wa sarakunan Arewa alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, don haka ta daɗe tana hana 'yan Mishan zama a cikin masarautun Musulmi, har Lardin Sakkwato. Wannan na cikin dalilan da suka sa SIM ta zagaya ta ƙasar Faransa, ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1920 Mista David Osborne ya zauna a Tsibiri. A nan ma akwai cikas. Dokar Faransa ta ce da Faransanci za a koyar a makaranta, su kuwa waɗannan Turawa Ingilishi ne harshensu, Hausa kuma suka koya. Ga shi hukuma tana yi musu kallon 'yan leƙen asirin Ingila, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy. Abin da ya rage musu kaɗan ne: ɗakin shan magani, da wanke gyambo, da koya wa mutum ɗaya ko biyu karatun boko da Hausa a gindin bishiya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Waɗannan ƙananan ayyuka da aka yi su don babu yadda za a yi, su ne suka fi daɗewa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi shekaru yana fama da shi tare da mataimakansa. Daga ran nan manomin da ya koyi haɗa baƙi bai ƙara bukatar Bature ya tsaya a kansa ba. Yana iya buɗe littafinsa da dare a hasken aci-bal-bal, ya karanta aya ɗaya, ya kwana yana juya ta a zuciya, gobe ya karanta wa matarsa. A koyarwar Kirista haka mai bi yake girma: addu'ar asuba, da karatu kaɗan-kaɗan kowace rana, da furta laifi, da yafe wa wanda ya cuce shi, da riƙe amana a awo da bashi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke jawo taro, amma da yayyafi kogi kan cika. Mutanen da aka horar a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri suka bazu ƙauyuka a matsayin masu bishara, suna noma gonarsu kamar kowa, suna tara mutum biyar ko goma ran Lahadi a ƙarƙashin rumfa. Su ne suka riƙe aikin, sunayen yawancinsu kuwa ba su shiga jarida ba.

A ɓangaren Nijeriya kuturta ce ta buɗe hanya. Daga wajen 1937 hukumomin gargajiya suka yarda SIM ta riƙe sansanonin kutare, irin su Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Wato waɗanda jama'a ke ƙyamar ci da su a ƙwarya ɗaya, cikinsu aka sami waɗansu daga masu bi na farko a waɗannan larduna. A Nijar kuma aka buɗe asibitin Galmi a 1950, garin da yawancin mutane suka fi sani saboda albasarsa, aka kuma buɗe asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM a Nijeriya suka haɗu suka zama ECWA, wadda a yau mabiyanta sun kai miliyoyi, har tana da jami'a mai sunan Bingham a Karu. Takwararta ta Nijar, wato EERN, ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960.

Mai son gardama zai ce to ina girman yake, tun da ƙidayar Nijar ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a Sabon Birni da Isa kuma 'yan tsiraru ne? Tambayar tana da nauyi, bai kuma kamata a kauce mata ba. Gaskiya ne cewa bayan kusan shekara 100 ƙasar Gobir ƙasar Musulmi ce. Gaskiya ne kuma 'yan Mishan sun yi kurakurai da suka rage wa aikin ƙarfi: sun yi jinkirin ba 'ya'yan masu bi ilmi mai zurfi don tsoron kada duniya ta ɗauke musu hankali, sun kuma daɗe suna riƙe da ragamar kuɗi da shawara. Da mulki ya komo hannun 'yan ƙasa, saɓanin shugabanni ya raba EERN gida-gida. Abin lura a nan shi ne rigimar ta zo ne bayan an sami muƙamai da kadarori da za a yi jayayya a kansu, lokacin rumfa da tabarma ba a ji irinta ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar ma'aunin da ke ƙirga kawuna da gine-gine.

Ma'aunin da ya fi dacewa an gan shi a watan Janairu na 2015, lokacin da fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Shugabannin Kiristocin Nijar suka fito fili suka ce sun yafe, ba a kuma ji labarin ramuwa ba. A waɗansu unguwanni maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kiristoci a gidajensu, abin da ke nuna irin zaman da aka yi da su shekara da shekaru. Irin wannan haƙuri ba a koyonsa ran da wuta ta tashi. Wanda bai saba yafe ƙaramin laifi a kasuwa ba, da wuya ya iya yafe wa wanda ya ƙone masa wurin ibada.

Akwai wani labari daga wannan yanki da ya zama kamar hoton maganar. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM a Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. A 1983, bisa ga abin da shi kansa ya sha faɗa, ya tsaya a hanya ya yi addu'a, sai hankalinsa ya kai kan 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara. Da ya duba sai ya ga ashe tohon kututturan itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kāre su daga dabbobi da masu neman itacen wuta. Da farko dariya aka yi masa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, da abincin ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani a gero da makamashi da abincin dabbobi, maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan sassaben zamani ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Kusan dukan manoman da suka yi aikin Musulmi ne, ba wanda ya ce su sāke addini kafin a nuna musu.

Tun daga 2019 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka, ta hanyoyin da kakanninsu suka bi. Musulmi ne suka fi yawa a cikin waɗanda abin ya shafa, amma ƙananan taron Kiristoci na yankin su ma sun ragu, domin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can yakan nemi a ɗauke shi tun bai kwance kaya ba. Manyan majami'un birane, masu tara baiko mai kauri kowace Lahadi, su ne ya kamata su tuna da mai bisharar da ya rage da mutum 7 a bayansa, su biya shi albashinsa a kan kari, su aika masa da littattafai da magani, kada su rufe wurin don lissafi bai biya ba. Da SIM ta yi wa Tsibiri irin wannan lissafi a shekarun 1930, da tuni an kwashe kaya an koma Jos.