Kada A Kori Ɗanka Daga Lakwal Saboda Riga

Ɗan uwa mai zaɓe, na Ƙonni, Madarunfa, Ɗan Isa, Matamaye da Magarya,

Kowace shekara ana komawa lakwal a watan Oktoba, lokacin da ba ka gama girbi ba, wake bai kai kasuwa ba. Sai yaro ya dawo gida ya ce an tare shi a bakin ƙofa don ba shi da kayan lakwal. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, kai ma ka ga yadda yadin da ke zuwa daga Kano da Jibiya ya yi tsada. Mai ƴaƴa biyar ina zai sa kansa?

Ba mu ƙi kaya iri ɗaya ba. Suna rufa asirin ɗan talaka kusa da ɗan mai kuɗi, suna rage gasar ado tsakanin ƴan mata. In ka ga yaro da su a tasha da hantsi, ka san ya gudo daga aji, sai ka kora shi.

Amma yaron da aka kora bai cika komawa gida ba. Tasha yake tafiya, ko wajen masu sayar da ruwa-ruwa, ya ɗanɗana kuɗi, karatu ya fita ransa. Yarinya kuwa talla za a ɗora mata, daga nan sai maganar aure, alhali dokar 2017 ta ce a tallafa mata ta zauna a makaranta. Dokar da aka kafa don ladabi ta koma tana tura yara titi.

Ladabi a wajen malami ake koyonsa. Malamin kwantaragi da ke jiran albashinsa, a ajin zana cike da yara, launin riga ba zai taimake shi ba.

Ga abin da muke nema: kada a kori yaro ko ɗaya saboda tufafi. Kwamitin COGES da iyaye su zaɓi yadi mai sauƙin kuɗi, kada a canza shi kowace shekara, don ƙane ya gaji na wa. Telolin garinmu su ɗinka. Marayu kuma ma'aikatar magajin gari ta ɗinka musu.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka, ka tambaye shi matsayinsa a kan wannan. Ranar zaɓe, ka ɗauki katinka, ka zaɓi canji.