Kama da wane ba wane ba ne: darasin Gravesen ga malamai da uwaye

Waɗanda muka kalli gasar kofin duniya ta 2002 ba za mu manta wasan Senegal da Danmak ba, wanda aka tashi 1 da 1. A tsakiyar filin Danmak akwai wasu ƙarfafa biyu masu ƙwalƙwal ɗin kai, Stig Tøfting da Thomas Gravesen, kamar waɗanda aka aiko karɓar bashi. A fadarmu a ranar, kowa ya yanke hukunci cewa waɗannan ba ƙwallo suka zo bugawa ba, ƙafafun mutane suka zo nema. Ni ma haka na ce. Yau da nake koyarwa a makarantar horon malamai, nakan ba ɗalibaina labarin Gravesen, domin kuskuren da muka yi masa shi ne muke yi wa yara a aji kullum.

An haifi Gravesen a 1976 a garin Vejle na Danmak, a ƙungiyar garinsu kuma ya fara wasa. Ya koma Hamburg ta Jamus a 1997, sannan Everton ta Ingila a 2000. Ya buga wa ƙasarsa wasa 66. Mutum ne mai zafin nama, mai zare ido, mai yi wa abokan wasansa tsawa, har Turawa suka laƙaba masa sunan mahaukacin kare. Sai dai wanda ya natsu ya kalli Everton ta lokacin David Moyes zai ga wani abu dabam. Mai aikin tare hanya da ƙwace ƙwallo shi ne Lee Carsley, wani mai aski irin nasa. Gravesen yana gabansa, shi ke riƙe ƙwallo, ya ɗaga kai, ya raba ta ga ƴan gaba, ya buga kwana da bugun tazara. A kakar 2004 zuwa 2005 da Everton ta ƙare a matsayi na huɗu, shi ne ke juya wasanta kafin ya tafi.

A watan Janairun 2005 Real Madrid ta saye shi a kan kusan fam miliyan 2 da rabi. Tun da ta sayar da Claude Makélélé ga Chelsea a 2003 take neman wanda zai share wa su Zidane da Beckham da Ronaldo fage. Ta ga mutum mai fuskar faɗa, ta ɗora shi gaban masu tsaron baya, ta ce ya tsaya nan. Har yau magoya bayan Everton suna raha cewa Madrid ta rikice tsakanin masu aski biyu, ta ɗauki wanda ba shi take nufi ba. Raha ce kawai, amma akwai gaskiya a cikinta: an ba Gravesen aikin da surarsa ta yi kama da shi, aka hana shi wanda ƙafarsa ta iya.

Mu malamai haka muke yi. Yaro ya shigo aji da babbar murya, ba ya iya zama wuri guda, a makon farko an rubuta masa suna a zuci: mai taurin kai. Sai a mai da shi bencin baya, ko a naɗa shi mai rubuta sunayen masu surutu, wato a ba shi aikin tsoratar da ƴan uwansa. Na taɓa yin wani ɗalibi irin wannan a shekarun farko na aikina. Wata uku ina korar shi waje. Ranar da aka rasa mai shirya wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, shi ya tara yara goma sha biyar, ya raba masu rawa, ya haddace nasa da na kowa. Ƙarfin da nake kira fitina, na shugabanci ne, ni ne ban duba ba. A gida ma haka abin yake: uba ya ga ɗansa mai ƙarfi da rashin zama, ya ce wannan ba na lakkwal ba ne, a kai shi gareji ko kasuwa, ba tare da an taɓa gwada kansa ba.

Wani zai ce, Malam, kana wanke mutumin da bai cancanta ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ba zan ɓoye ta ba. A atisayen share fagen kaka ta 2006 Gravesen ya yi faɗa da abokin wasansa Robinho a gaban koci Fabio Capello, kuma cikin watan Agusta aka sayar da shi ga Celtic ta Sikotilan. Can ya fara da kyau, ya ci babbar abokiyar hamayyarsu Rangers, ya zuba ƙwallo uku a ragar St Mirren a wasa guda. Duk da haka koci Gordon Strachan ya ajiye shi a benci, domin ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya, duk inda ƙwallo ta nufa can yake. Ya koma Everton aro bai yi tasiri ba, ya ajiye takalma a farkon 2009 yana ɗan shekara 32. Wannan laifinsa ne, ba na Madrid ba. Baiwa ba ta ɗauke wa kowa wajibcin ladabi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Abin da Moyes ya yi shi ne abin koyi. Bai ce zai kashe zafin Gravesen ba, bai kuma sake shi sakaka ba. Ya sa Carsley a bayansa yana rufe gurbin da yake bari, ya ba shi iyaka da aiki bayyananne, sai zafin ya zama amfani ga ƙungiya. Mutum guda ne a Everton da Madrid da Celtic, wurin da aka ajiye shi da wanda aka haɗa shi da shi ne suka sauya.

Na san ajinmu ba filin Turai ba ne. Malamin da ke gaban yara sittin ko fiye, wani lokaci a rumfar zana, ba shi da sukunin nazarin kowane yaro. Amma abin da nake roƙon ɗalibaina masu shirin riƙe alli bai fi ƙarfinsu ba. Kafin ka yanke wa yaro mai zafi hukunci, gwada shi a ayyuka uku mabambanta: ya jagoranci rukuni, ya yi bayani a allo, ya yi aikin hannu. Zaunar da shi kusa da mai natsuwa, kamar yadda aka haɗa Gravesen da Carsley. Faɗa masa iyakarsa sarai, ka kuma tsaya a kanta ba tare da bulala ba.

Ku kuma uwaye, in malam ya kira ku a kan ɗanku, bayan kun ji laifinsa ku tambaya: a wane aiki aka taɓa ganin ya yi kyau? In malam ya rasa amsa, to ba a gama duba yaron ba tukuna, kuma bai kamata a cire shi daga makaranta ba.