SAP Da Manomin Ɗambatta: Wa Ya Biya Kuɗin Gyaran?

Tun da Janar Ibrahim Babangida ya fitar da littafin tarihinsa a 2025, muhawara kan shirin SAP na 1986 ta sake tasowa, irin wadda 'yan Birtaniya ke yi kan Margaret Thatcher. A ganina, masu yabo da masu suka duk daga birni suke kallon al'amarin.

Masu yabo na cewa rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 ya 'yanta manomi. Da gaskiyarsu, domin hukumar gyaɗa ta daɗe tana saye da arha. Sai dai manomin Ɗambatta ko Bichi, wanda gado ya tsattsaga gonarsa har ba ta samun hutu, hatsin ci yake nomawa, kuma ba ya yi sai da taki. Da Naira ta faɗi daga kusan ɗaya a kan dala zuwa kimanin huɗu, abin da yake saye ya fi abin da yake sayarwa tashi.

Batun ƙungiyoyi kuwa, an rushe shugabancin NLC, an haramta ASUU a 1988. Mu malaman jami'a muna ba da labarin tamkar mu kaɗai aka zalunta. Alhali albashin ɗan da ke masaƙa a Bompai ko Sharaɗa shi ke saya wa mahaifinsa buhun taki da damina. Da albashin ya lalace, daga baya masaƙun suka rurrufe, gonar ce ta ji a jikinta. ASUU ta dawo da ƙarfinta. Shi manomin, tun asali babu ƙungiyar da ke zama teburin sulhu da sunansa.