Sojojin Boma Ba Su Cancanci Mantuwa Ba

Jama'a, ina da ƙara, kuma a kanmu zan kai ta. Ka shiga kasuwar Nasarawa Burkullu, ko Gummi, ko Anka, ka tambayi matasa su wane ne sojojin Boma. Da wuya ka sami wanda zai amsa maka. Alhali daga Lardin Sakkwato da sauran lardunan Arewa aka ɗebi samari, aka kai su ƙasar Indiya ta teku a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ga yadda abin ya kasance. A 1943 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta sauka a Bombai, Runduna ta 82 ta biyo ta a 1944. Daga Indiya suka gangara Boma, ƙasar da sai a 1937 Turawa suka raba mulkinta da na Indiya. Sun gwabza da Jafanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin kurmi da duwatsu da ruwan sama mai yawa. Inda mota ba ta shiga, mutanenmu ne suka ɗauki harsashi da abinci a ka, da yawansu ba su riƙe da ko bindiga. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu, suka ƙwace garin Myohaung.

Wani zai ce, “Ai yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu?” To, malam, na yarda ba mu muka tsokano shi ba, kuma ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Amma jinin da ya zuba na wane ne? Matan da suka yi takaba a ina suke zaune? In Bature ya yi amfani da mutum ya manta da shi, mu kuma muka manta, ashe mun taya shi zalunci ke nan.

Dubi labarin Isaac Fadoyebo, Bayarabe, wanda aka harba a bakin kogin Kaladan a 1944. Wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa wata da watanni, yana ciyar da su, ko da yake ya san in Jafanawa suka gane, kashinsa ya bushe. Me ya sa duniya ta san wannan labari? Domin Fadoyebo ya rubuta shi da hannunsa. Namu kuwa sun ba da nasu da baka a gindin bishiya, iska ta kwashe.

Gaskiya ne akwai Barikin Chindit a Zariya da Barikin Myohaung a Ikko, kuma ana tunawa da mazan jiya kowace 15 ga Janairu. Amma sunan bariki ba sunan kakanka ba ne.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka ci nasara, ga aikin da zai nuna amfanin alƙalaminku. Mazajen kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu na nan. Ku je ku tambaye su sunan tsohon, da garinsa, da shekarar da ya tafi, da abin da ya ba da labari. In akwai lambar girma ko takardar sallama a ƙasan adaka, ku kwafe abin da ke jiki. Ku yi haka tun masu sani ba su ƙare ba. Allah ya ji ƙansu, amin.